Tankin Turba da Tafiyar Zakara

Jiya na ji ɗayanku yana cewa walda ba sana'a ba ce, dangwale ne: ka dangwala sanda ga ƙarfe, tartsatsi ya tashi, ka miƙa hannu a sallame ka. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro. Yau na tofar, sai ku gyara zama, za ni ba ku labarin mutumin da ya koya mini wannan dangwalen.

Sunansa Na'Allah, amma duk Sabon Birni Sudar ake ce masa, don a Maraɗi ya koyo aiki, can kuwa haka suke kiran mai walda. Ubana ya kai ni rumfarsa ina ɗan shekara goma sha bakwai, bayan ya tabbata cewa in an bar ni da hauya gero ne zai sha wuya, ba ciyawa ba. Wata shida ban taɓa sandar walda ba. Aikina kankare tsatsa da magagari, yankan ƙarfe da zarto, da tada inji. Lokacin babu lantarki a garin nan, inji ne mai shan dizal, da hannu ake murza shi. Halinsa na jakin aro ne: in ka lallaɓa shi ya ƙi tashi, in ka matsa masa ya harbe ka a haƙarƙari.

Garmar wani mutumin Gangara ce aikina na farko, bakinta ya tsage. Maigida ya miƙo mini sanda da gilashin fuska, ya koma gefe yana cin gyaɗa. Na dangwala, sanda ta manne. Na fizge, na sake dangwalawa, ta sake mannewa. Cikin gilashin nan kuwa duhu ne kamar cikin rumbu, sai na ce bari in ɗaga shi kaɗan in ga abin da nake yi. Na kuwa gani. Washegari na tashi idanuna kamar an zuba musu yashin gulbi, ko buɗe su ba na iyawa. Inna Kulu, matar Maigida, ta ɗiga mini nono. Wata maƙwabciya ta ce a matsa tumatir, wani ya ce albasa ta fi. Da ƙyar na tsira ba a yi miya da fuskata ba. Maigida ya leƙo ya dube ni ya ce, "Madalla, Ummaru. Ido ya shiga sana'a, saura hannu."

Hannun nan shekara uku ya ɗauka. Tazarar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe ba ta wuce kaurin ƙwayar dawa ba. Sanda tana cinyewa, hannunka na binta ƙasa, kuma yana tafiya gefe, duk lokaci guda. Kunne ma yana aikinsa. Walda mai kyau ƙararta kamar ta ƙosai ce a mai mai zafi. In ka nisanta hannu, sai ta dinga tofi kamar raƙumi ya fusata. In ka gama, ka ƙwanƙwasa kashin da ya rufe ɗinkin da ƙaramar guduma. Ya ɓare ka ga layi kamar kitso, ka yi aiki. Ni kuwa nawa in ya ɓare, Maigida sai ya sunkuya ya ce, "Kajin wa sunka kwana nan?"

Wani mai babur daga Burkusuma ya taɓa kawo mana mashin ɗinsa a kan amalanke, ya rabu gida biyu, gaba daban baya daban. Ya rantse shi kaɗai ne a kai, sai wata 'yar kaza da zai kai wa surukarsa a hayin iyaka. Maigida ya zagaya babur ɗin, ya shafa ƙarfen da ya lanƙwashe, ya shinshina yatsunsa.

"Kazar ga taka, buhu nawa ce?"

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Huɗu, ranka ya daɗe. Amma ƙananan buhuna ne."

Munka haɗa masa shi, munka ƙara masa ƙarfe biyu a ciki, don mun san kazar ba za ta rame ba.

Akwai abu ɗaya da Maigida bai wasa da shi, shi ne nono. Duk la'asar sai ya sha ƙwarya guda, daga rugar Ardo Sambo ake kawo masa. A Maraɗi anka gaya masa cewa shi ne maganin hayaƙin walda. Hujjarsa kuwa ba ta da wuyar ganewa: hayaƙi baƙi ne, nono fari, in sun haɗu a ciki fari ke rinjaye. Ban taɓa jin wanda ya musa masa ba.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere sama ta yi mana rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya yana kallonmu. Gulbi ya zama yashi, mata na tona shi har iya wuya kafin su sami abin cika tulu. Babu mai kawo garma gyara, don babu abin da za a yi da ita. Amma mu aiki ya ƙaru. Duk mai jaki yana son a ɗora masa duro a kan amalanke, a sa masa famfo. Daga nan ƙauyuka sunka fara neman manyan tankuna, don akwai motar da ke kawo ruwa daga Isa, in ta zo ba ta samun inda za ta juye. Munka yi wa Gangara, munka yi wa Burkusuma, munka yi wa wasu rugage. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma, shi ne na mutanen Turba.

Tanki ba a gama shi daga waje. Ɗinkin waje na ido ne, na ciki shi ke riƙe ruwa. Bakin tanki kuwa bai fi faɗin faifai biyu ba. A kwance muke ajiye shi, Maigida ya zura kai ya ja ciki ya shige da sanda da waya, tun hantsi har azahar. Hayaƙi na fitowa ta bakin nan kamar ana gasa tukwane. Na sha ce masa, "Maigida, bari in karɓe ka." Amsarsa ɗaya ce: "Ciki na manya ne. In ka bar kashin kaji can, wa za ya gani sai ruwa?" Kusan wata goma sha huɗu yana wannan shiga da fita.

A cikin haka nono ya yanke. Ardo Sambo ya zo da kansa, hannu rabbana, ya tsuguna bakin rumfa ya ce, "Kosam wala, Sudar. Babu nono. Saniyar da ke ba ka ita ma yanzu nema take a ba ta." Sai Maigida ya sa Inna Kulu ta dinga dama masa farau-farau. Ya ce fari dai fari ne.

Dariya ce ta fara kama Maigida. Mutum ne da ko ranar Salla sai an yi da gaske ake ganin haƙoransa, sai ga shi yana ƙyalƙyala dariya babu dalili. Wani ya zo yana ba shi labarin jakinsa ya mutu a hanyar ruwa, Maigida ya bushe da dariya har da hawaye, yana cewa, "Wallahi ba kai nike wa ba." Mutumin ya ɗauki duronsa ya kai wani wuri. Bayan haka fuskarsa ta tsaya cak da wani ɗan murmushi, ko faɗa yake maka da shi zai yi. Awon da yake rubuta mini da alli a jikin ƙarfe ya ƙanƙance kamar tururuwa ta bi ta kan gari, sai na kai ido kusa nake karantawa.

Sannan tafiya ta sauya. Ya koma takawa da kan yatsu, dunduniya ba ta taɓa ƙasa, ƙirji a gaba, gwiwar hannu a lanƙwashe. Duk wanda ya taɓa ganin zakara ya shiga tsakar gida ya ga tafiyar. Gari ya ɗauka. Masu shayi sunka ce aikin tanki ya hau masa kai. Wani tela ya ce tafiyar Faransa ce da ya kwaso a Maraɗi, sai yanzu ta motsa. Inna Kulu ta tare shi a zaure, ni ina riƙe da butarsa, ta ce, "Malam, shekara ashirin muna tare ban san kana da yanga ba. Mutane na binne shanu kai kana taƙama?"

Ya ce, "Kulu, ni ma kallonsu nike. Ƙafafun ga ba su shawara da ni."

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ja da baya. Gaba yana zuwa, ko da na zakara ne. Amma in ya gaida babba ya so ya ɗan ja baya, sai ka ji tim, ya zauna a ƙasa. Limamin unguwarmu har ya yaba masa, ya ce ladabin Sudar ya ƙaru.

Ranar wata Laraba ya shiga tankin Turba, an ci rabin ɗinkin ciki. Azahar ta yi na ji sanda ta yi shiru, amma bai fito ba. Na kashe inji na leƙa. Ga shi kwance rub da ciki cikin hayaƙi, yana dariya.

"Maigida, hito mana."

"Ummaru, wanga tanki da baya ake hita daga cikinai. Ni kuwa ba ni da baya."

Na kira mutum huɗu daga bakin kasuwa. Munka ɗaura masa igiyar guga a ƙafa, wasu sunka ɗaga gindin tankin, munka jawo shi kamar ana karɓar haihuwar saniya. Ya fito baƙi ƙirin, sai haƙora. Ranar ce masu shayi sunka daina maganar taƙama, sunka koma maganar aljanu. Anka ce tanki mai zurfi irin wannan ba ya rasa mai shi. Wani mai magani ya zo ya lulluɓe Maigida da bargo, ya tura masa kaskon turare a ciki. Mutumin da hayaƙi ya kayar, anka kwana bakwai ana yi masa magani da hayaƙi.

Inna Kulu ce ta yanke magana. Ta ce Sakkwato za a kai shi, kuma ni za ni raka shi. Munka hau bayan wata motar albasa, munka isa asibiti muna ƙamshi. Likitan wani dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Ya ce Maigida ya taka zuwa bakin ƙofa. Ya taka. Ya ce ya dawo da baya. Na yi maza na tsaya a bayansa, ya faɗo a hannuna. Likita ya ba shi biro ya ce ya rubuta sunansa, ya duba rubutun, sannan ya ce, "Malam, haƙar ma'adini kake yi ko walda?"

Maigida ya juyo ya dube ni, wai ko ni na tsegunta. Na rantse ban ce komi ba.

Likita ya ce, "A cikin sandar nan da kuke ƙonawa akwai wani ƙarfe, sunansa manganis. Jiki na son ɗan kaɗan nasa, kamar gishiri a miya. Amma in ya zama hayaƙi ka yi ta shaƙa, sai ya bi jini har ƙwaƙwalwa. Can ƙasanta akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu haɗa wani sinadari, dofamin, shi ke sa in ka yi niyyar ɗaga ƙafa ta ɗagu sumul. To, wajen nan manganis ke zuwa ya tare."

Maigida ya ce, "Likita, nono fa? Kullum sai na sha, sai bana da ya yanke."

"Nono abinci ne mai kyau. Amma shi ciki yake zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Ko a hanya ba su haɗuwa."

Maigida ya dubi ƙafafunsa. Can ya ce, "Ashe shekara ashirin ina aje dogari ƙofar da ɓarawo bai bi."

Anka ba shi ƙwayoyin magani, likita ya ce ƙila su taimaka, ƙila kaɗan. Kaɗan ɗin ne kuwa. Ya ce abin da ya lalace da wuya ya dawo, amma kada a ƙara masa. Ya kuma nuna ni da biro ya ce duk wanda zai shiga tanki, sai iska na shiga ta wani gefe tana fita ta wani, kuma kada ya daɗe.

Sauran bayanin sai bayan shekaru na same shi, wajen ɗiyata Rabi da ta yi karatun haɗa magunguna. Ta ɗauki allina ta cika mini fallen ƙarfe guda da kibiyoyi. Ta ce, "Baba, kowace ƙwaya ta ƙwaƙwalwa kamar gari ce. Tana da injinta mai ba ta ƙarfi, tana da 'yan aike masu kai magana daga wannan zuwa wancan. In manganis ya yi yawa, inji ke fara lalacewa, ya dinga fitar da wani abu mai cin gari kamar tsatsa. Sai ɗan aike na farko ya taɓa na biyu, na biyu ya tada na uku, har magana ta kai ga wasu masu almakashi. Su aikinsu ɗaya ne, in sun ji gari ya lalace sai su datse komi, ƙwaya ta mutu. Waɗanda ba su mutu ba ma sai su kasa sakin dofamin yadda ya kamata."

Na ce, "Wato kamar ranar kasuwar Isa, in wani ya ce ga mahaukacin sa ya ɓalle, kowa ya watse."

Ta ce, "Kusan haka, Baba. Sai dai a nan da gaske akwai sa. Masu bincike suna neman ɗan aiken da za a riƙe wa riga ne, kada magana ta kai ga masu almakashi."

To, mu koma ga tankin Turba. Mun dawo daga Sakkwato mun iske mutanen Turba zaune a rumfa, sun ce matansu na kwasar rabin yini a hanyar ruwa, motar Isa kuwa ta wuce su sau uku. Maigida ya ce in fasa wata ƙofa a gindin tankin, daga baya a toshe ta daga waje. Saura abin hura iska. Babu fanka, babu lantarki. Abu ɗaya ke hura iska a garin nan, zugazugin maƙera. Maigida kuwa tun da ya dawo daga Maraɗi yake kiran maƙera "masu matsar akuya", don da fatarta ake zugazugi, su kuma suna kiransa "mai liƙi". Ko a jana'iza sahu daban suke tsayawa.

Ya ce da ƙafarsa zai je. Munka ratsa kasuwa, shi a gaba kan yatsu, ƙirji a waje, murmushi a fuska, har maƙerar Sarkin Maƙera Ɗanjuma. Tsohon ya ɗago ya gan shi, ya ajiye awartaki.

"Mai liƙi, har gida ka biyo ni da taƙama?"

"Sarki, roƙo na zo yi. Jikin ne bai san da haka ba."

Ya so ya ɗan ja baya ya rusuna, sai ya zube a kan buhun gawayi. Daga nan zaune ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ɗanjuma ya saurara har ƙarshe, ya ce zugazuginsa ba ya zuwa aro, tun na kakansa. In ana so, sai dai a ɗauke shi tare da mai shi.

Haka munka yi kwana goma sha ɗaya. Ɗanjuma na gindin tanki yana zuga, bakinsa bai hutawa, yana ba ni labarin yadda kakanninsa ke haɗa ƙarfe ba tare da sun shiga cikinsa ba. Ni ina ciki da tsumma a hanci, in ƙona sanda uku in fito in sha iska. Maigida na zaune a kan turmi, kunnensa a jikin tanki, da guntun ƙarfe a hannu. Da ya ji ƙarar ta bar ta ƙosai, sai ya buga tankin. Wanda bai taɓa zama cikin tanki an buga shi daga waje ba, kada ya ce mini ya san tsawa. Da munka cika shi don gwaji, da ruwan da mutanen Turba sunka yi karo-karonsa tulu-tulu, ko zufa bai yi ba.

Anka kai shi Turba, anka girke a kan duwatsu. Mota ta cika shi sau biyu. Kafin zuwa na uku hadari ya haɗo daga gabas, anka yi ruwan da ya cika tafkuna, damina kuma ta zauna da gindinta.

Maigida bai sake riƙe sanda ba. Rumfa ta dawo hannuna, shi kuma kullum yana kan turminsa yana kamun kuskure da kunne. Bayan kaka ta biyu ya ce yana son ya ga tankinsa. Na ɗora shi a amalanke munka tafi Turba. Muna isa munka ga an yi wa tankin jinka, an jingina masa tsani. Mai garin ya fito yana ta kame-kame, ya ce rijiyoyi sun kawo, tanki na zaune babu aiki, shi ne sunka zuba geron gari a ciki.

Maigida ya sa na kama shi ya sauka. Ya taka har jikin tankin, ya bi ɗinkin da tafin hannu tun daga wannan kai har wancan. Maganarsa lokacin ta yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Ɓera na shiga?"

Mai gari ya ce, "Ko tururuwa, Sudar. Ba mu taɓa rumbu irin wanga ba."

Maigida ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ummaru, a aika wa likita. A ce mishi ƙafafun ba su tahi banza ba, gari guda sun huta da ɓera."

Mutanen Turba sunka ɗora mana dami biyu a amalanke. Shi ya zauna a kan ɗaya, ni na ja jaki, munka kamo hanyar gida.